Burodin da Ya Hana Liman Shiga Masallaci

Azumin bana ya dawo daidai inda na bar shi shekara talatin da uku da suka wuce: tsakiyar bazara, lokacin da ruwan randa kan yi ɗumi tun kafin hantsi, kaji su kwanta gindin katanga baki buɗe. Na yi shekaru ina zana wa 'yan mata a kan allo dalilin da ya sa watan azumi ke zagayawa ta damina da sanyi da zafi, har ina ba su maki a kai. Sai bana jikina ya gane darasin.

Ranar sha tara ga wata 'yata Bilkisu ta turo mini hoton bidiyo a waya daga Kaduna, ta biyo shi da saƙon murya.

"Mama, ga burodin tafarnuwa, ba sai da obin ba. A kan gas kawai, minti goma. Ki gwada, ki huta da ƙorafin ƙosai ya gundure ki."

Wasu hannaye ne marasa fuska suke shafa bota a burodi, suka jera a kasko, suka rufe. Na kalla sau uku, ba don ban gane ba. Abu ɗaya nake jira in ga ko mai hannayen za ta yi. Ba ta yi ba. Sai na ajiye wayar, na zauna ina kallon katangar da ta raba tsakar gidanmu da masallacin unguwa.

Wancan azumin na shekara talatin da uku baya shi ne na farko da na yi a gidan nan na Kusfa. Ni 'yar akawu ce, a wajen ganuwa aka haife ni, na yi boko har na zama malamar makarantar 'yan mata, sannan aure ya shigo da ni cikin birni, gidan malamai. Surukina, wanda kowa ke kira Baba Malam, shi ne limamin wannan ƙaramin masallaci. Maigidana kuwa unguwa ta sa masa Malam Ƙarami tun yana goye, kuma har yau da furfurarsa da ciwon gwiwarsa sunan bai girma ba.

Abin alfaharin unguwar ɗaya ne. Shekara talatin da ɗaya Baba Malam yana jan asham, izu biyu kowane dare, bai taɓa fashin dare ɗaya ba. Ba tafiya, ba ciwo, ba rasuwa da ta taɓa hana shi. In baƙo ya zo, kafin a nuna masa makewayi an ba shi wannan labari.

Shekarar ba ta zo da sauƙi ba. Rijiyarmu ta ja da baya, guga ya riƙa dawowa da rabin ruwa rabin laka, sai an zuba a randa ya kwanta. Kananzir sai an bi layi, a dawo da kwalba guda ana riƙe da ita kamar jariri. An hana shigo da alkama a lokacin, don haka burodin da ake samu gauraye yake da garin masara da abin da mai gidan burodi kaɗai ya sani. Ranar farko ana cin sa. Rana ta biyu ana jiƙa shi. Rana ta uku ana iya rubutu a kansa.

Kwanakin kuwa tsarinsu ɗaya. In fita makaranta da sassafe, in yi ta magana a gaban aji har yawuna ya ƙafe. In dawo bayan azahar, ƙasa na ƙuna ta cikin takalmi. In tarar Inna, uwar mijina, ta jiƙa wake. Mu zauna a inuwar rumfa muna surfe, muna wanki, ba mai cewa komai, don magana ma ruwa take ci. A jiƙa tsamiya, a tace gasara, a kai niƙa. La'asar na yi a hura wuta. Kullum a daidai wannan lokaci hadari zai taso daga gabas, baƙi ƙirin, ya tsaya a kan birni kamar mai neman wani gida, Inna ta ɗaga kai ta ce, "Yau kam." Kafin magariba ya watse. Zafin ya ƙaru, kamar an ɗora mana murfi.

A goma ga wata zazzaɓi ya kama Baba Malam, mura ta biyo baya. Zazzaɓin ya tafi bayan kwana uku, amma ya tafi da hancinsa da harshensa. Ya ce komai aka sa masa a baki takarda yake ji. Kwano ya riƙa fita zaure yana dawowa yadda ya fita. Dabino ɗaya, ruwa, kurɓi biyu na kunu, shi ke nan har wata magariba. Inna ta yi fate, ta yi dambu, ta yanka 'yar kazarta da take ji da ita. Duk suka dawo. An kawo likita, ya ce a ajiye azumi. Baba Malam ya yi masa godiya, ya yi masa doguwar addu'a, ya sa aka raka shi har bakin titi.

Mu mata a tsakar gida muke bin asham, don muryar liman na tsallako katanga sarai. Daren sha takwas muka ji ya daɗe a sujada fiye da kima. Daren sha tara muryar ta yanke a tsakiyar aya, aka yi shiru mai tsawo, sannan ta dawo siririya kamar zare. Da muka sallame Inna ta naɗe dardumarta, ba ta dube ni ba ta ce, "In bai ci abinci ba, ba zai kai sauka ba. Kuma ba zai zauna ba sai dai a ɗauko shi."

Ina so a rubuta, tun kafin in ci gaba, cewa burodin nan ba don shi na yi ba. Ni da Baba Malam duk maganar da ta taɓa haɗa mu ba ta wuce gaisuwa ba. In durƙusa a bayan ƙyauren zaure in ce, "Baba, ina kwana," ya ce, "Lafiya lau, Allah ya yi albarka." Wata bakwai ke nan, ban ma san ko ya san kamannina ba. Ba ni ce zan ɗauki nauyin warkar da liman ba.

Abin da ya faru shi ne, kafin azumi abokiyar aikina Malama Rahila ta gayyace ni gidansu a Wusasa. Mahaifiyarta ta yi aikin girki a gidan Turawan mishan, kuma sun bar mata wani tsohon obin na ƙarfe mai ƙofa. Daga cikinsa ta fito da burodin da aka shafa wa bota da tafarnuwa, gefensa ƙamas, tsakiyarsa laushi. Na ci yanka huɗu, na yi kamar biyu na ci. Rahila ta rubuta mini yadda ake yi a bayan wata tsohuwar takardar jarrabawa. Layin ƙarshe ya ce a sa a obin. Na karanta layin, na ninke takardar, na sa a cikin littafi, inda ake ajiye abubuwan da ba za su yiwu ba.

Ranar ashirin ga wata Inna ta ɗauko wani burodi da maigidana ya sayo kwana uku baya, ta ƙwanƙwasa shi a bakin turmi, ya amsa.

"Ungo, 'yar nan, kai wa akuya."

Na kai wa akuya. Ta shinshina, ta dube ni, ta koma ga ƙaiƙayinta. A nan, ina tsaye da burodin da akuya ta ƙi, ga yunwar la'asar, na tuna takardar Rahila.

Na yi tunani irin na malaman makaranta, wanda shi ne tushen yawancin wahalata a duniya. Na ce mene ne obin in ba zafi da aka kulle a ɗaki ba? Ina da risho, ina da kasko, ina da farantin rufewa. Bota ba ni da ita, amma Inna na da man shanu a kwalba. Takarda ta ce tafarnuwa kaɗan. Kaɗan a wurin wa? Mai azumi da la'asar bai san kaɗan ba. Na ɓare kai biyu, na daka da gishiri da ɗan lawashi, na kwaɓa da man. Burodin na yanka shi yadda kafinta ke yanka katako, ya ba ni yanka bakwai. Na shafe kowanne a fuska ɗaya, na jera su a kasko, fuskar da na shafa tana kallon sama. Dalilina mai kyau ne: in na kifa, man zai zube. Na kunna risho da sauran kananzirin da ya rage mana, na rufe.

Warin ya riga komai fita. Ya cika ɗakin girki, ya fita tsakar gida, ya shiga ɗakuna. Inna ta bar ƙosai a wuta ta leƙo.

"Wa ke ciwon sanyi?"

"Ba kowa, Inna. Abinci ne."

"Abinci." Ta ɗaga farantin da bakin zaninta, ta duba, ta mayar. "Na wace ƙasa?"

"Na Wusasa."

"To. Allah ya sa su ma ba haka suke yi wa baƙi ba."

Na sake buɗewa bayan ta tafi. Ƙasan ya yi ja, yana neman yin baƙi. Saman kuwa man ya narke yana sheƙi, tafarnuwar na zaune fara fat, tana kallona. Ya yi ke nan, ko bai yi ba? Takarda ba ta ce ba. Na Rahila sama da ƙasa launinsu ɗaya ne, amma watakila obin ne ke yi musu ado. Ga azumi, ba halin ɗanɗanawa. Na ƙara minti biyu, ƙasa ya fara ƙauri, sama bai motsa ba. Risho ya yi tari sau biyu ya mutu, ya yanke mini hukunci. Na juye a faranti, na rufe, na tura bayan randa don ni da maigidana, na tafi alwala.

Gidan nan yana da doka wadda ta girmi kowa a cikinsa: duk abin da ya hau wuta, zaure ne ke fara ganin sa. Ko gyaɗa aka soya, sai an kai wa maigida ya sa albarka kafin wani ya taɓa. Na san dokar. Abin da na ɗauka shi ne ta shafi abinci ne kawai, ni kuwa a lokacin ban tabbatar abin da na yi ya shiga wannan aji ba. Inna ba ta tsaya wannan bincike ba. Ya hau wuta? Ya hau. Kafin in fito daga alwala ta ɗora farantin a kan tire tsakanin ƙosai da kunu, maigidana ya fita da shi.

Aka kira magariba, aka sha ruwa, maza suka yi salla suka dawo zaure. Al'ada ce Ladan Sule, abokin Baba Malam tun suna makarantar allo, shi ke cin abinci tare da shi. Ina cikin shan kunu, ina neman farantina a bayan randa ban gan shi ba, sai ga maigidana ya shigo da sauri, takalmi ɗaya a ƙafa.

"Yana ci."

Inna ta ajiye ludayi. "Ƙosan?"

"A'a. Abin nan na Malama. Ya ci uku. Ya ce akwai wani abu da yake ji can nesa a harshensa, kamar ana kiran salla a wata unguwa."

Inna ta ɗaga hannu sama. Ni ma na ji wani abu ya taso mini, har na fara gyara zama irin na wadda za a yaba wa. Sai abu ɗaya ya faɗo mana mu uku a lokaci ɗaya.

Ba a yi mako ba da Baba Malam ya karantar da shi a zaure bayan la'asar, muna ji daga ciki: wanda ya ci ɗanyar tafarnuwa ko ɗanyar albasa ya nisanci masallaci har warin ya gushe, kada ya cutar da masu salla. In an dafa ta, wuta ta kashe ta, ba laifi. Kuma ba karatun baki kawai ba ne a wurinsa. Unguwa ba ta manta shekarar da ya fitar da wani attajiri daga sahun gaba saboda albasar tsire ba.

"Sai an faɗa masa," in ji maigidana.

"Wanda ya faɗa masa, ni da shi," in ji Inna.

"Inna, hancinsa ne ba ya ji. Na jama'a lafiyarsu ƙalau."

"Su toshe. Kwana goma mutum bai ci ba, yau ya buɗe baki, kai kuma za ka je ka rufe masa da karatu?"

"In ya ji daga baya fa? Cewa mun sani muka bar shi ya shiga?"

"To bari ya gama ci tukuna."

"In ya gama ci ai an kira isha'i."

Suka juyo gare ni tare, kamar ni ce littafin. "Dafaffa ce dai ko?" in ji maigidana. Na buɗe baki. Kafin magana ta fito, sai daga zaure muka ji Ladan Sule ya yi gyaran murya. Shi hancinsa lafiya lau. Ya ci yanka ɗaya don kara, ya yi ta juya maganar a ransa, har ta fi ƙarfinsa.

"Allah gafarta Malam, wannan abu da daɗi. Sai dai kamar da tafarnuwa a ciki."

Sai muryar Baba Malam ta biyo baya.

"Kamar, ko akwai?"

"Akwai, Allah gafarta. Har ta yi yawa a ce akwai."

"Dafaffa ko ɗanya?"

"Wallahi ban taɓa haɗuwa da irinta ba."

"A kira mai shi."

Na durƙusa a inda na saba, bayan ƙyaure. Inna ta biyo ni ta tsuguna a bayana, ta kama gefen zanina.

"Malama," in ji Baba Malam. Ranar ce ya fara kira na da wani suna. "An ce aikinki ne."

"Nawa ne, Baba."

"Allah ya yi albarka. Tafarnuwar nan ta ga wuta?"

"Ta gani, Baba."

"Alhamdu lillahi," in ji Ladan, har na ji ya tafa cinya. Inna ta saki zanina. Da a nan na tsaya, da an wuce wurin. Ba ƙarya na yi ba. Amma ni ce kullum nake ce wa 'yan mata su rubuta abin da suka gani, ba abin da suke zaton ina so in karanta ba, kuma irin wannan magana in ka faɗe ta sau ɗari takan dawo ta tsaya maka a wuya.

"Sai dai daga nesa ta gan ta, Baba."

Inna ta mintsine ni a cinya, mintsinin da na kwana uku ina ganin shaidarsa.

"Yi mini bayani."

"Wutar na ƙasa. Tafarnuwar na sama. Burodin na tsakaninsu."

"Ƙasan dai ya dahu. Na ji shi a haƙorina."

"Ya dahu, Baba. Har ya wuce."

"Saman fa? Ta dahu, ko ba ta dahu ba?"

Na ce, "Ta dai yi ɗumi, Baba."

"Ɗumi," in ji Ladan a hankali. "Malam, akwai babin ɗumi?"

"Ban riske shi ba. Sule, matso."

Ta tsagar ƙyaure na ga Ladan ya matsa. Baba Malam ya buɗe baki ya huro masa numfashi. Ladan ya ja da baya har ya ture buta.

"To, an samu fatawa," in ji Baba Malam. "Ni da kai yau a waje." Ya juya ga ɗansa. "Kai ka ci?"

"Ban ci ba, Baba."

"Kai za ka ja su."

"Ni? Baba, ban taɓa..."

"Ni ma kafin in taɓa ban taɓa ba." Sai ya jawo farantin gabansa, ya duba yanka ukun da suka rage. "Tunda dai an riga an fita," ya ce, ya yi bisimilla.

Inna ta tashi ta shige ciki. Muka shimfiɗa darduma a tsakar gida, ita a can, ni a nan, da tazarar da ba mu saba bari ba. Iska ta tsaya cik. Aka yi isha'i, aka tada asham, sai muryar maigidana ta tsallako katanga, tana rawa kamar ta ɗalibin da aka tsayar gaban sufeto. Na ji guna-gunin sahu. Shekara talatin da ɗaya ta yanke a daren, kuma duk unguwa za ta san da hannun wa.

Bai yi nisa ba ya tsallake aya. Sai ga gyara ta fito, ba daga cikin masallaci ba, daga waje, ta taga. Baba Malam ya sa an shimfiɗa masa buzu a gindin tagar, shi da Ladan, yana bin salla a zaune. Muryar da jiya ta zama zare, yau ta fito da kauri har karen maƙwabta ya amsa. Ban san ko in yi murna ko in yi kuka ba. Na rasa ma raka'a ta nawa muke.

A nan ne hadarin da ya yi kwana ashirin yana yi mana alkawari ya ga dama. Iska ta taso ta kwashe murfin randa. Ɗigo ɗaya ya faɗo mini a wuya, mai nauyi, mai sanyi, sannan sama ta buɗe. Ƙamshin ƙasa ya tashi, wannan da ba a samun sa sai a ruwan farko, ya haɗu da warin tafarnuwar da ya riƙe gidan tun la'asar. Muka ja darduma ƙarƙashin rumfa. Da aka sallame raka'a biyu muka ji jama'a ta taga.

"Malam, shigo! Mun yafe!"

"Ba ku kaɗai ke ciki ba, akwai mala'iku. Ku ci gaba."

"Malam, jikinka!"

"Sule ya rufe ni da tabarma. Kai, tada salla."

Tsoho mai shekara saba'in, wanda zazzaɓi bai daɗe da saki ba, yana zaune cikin ruwan farko saboda na ce ɗumi. Inna ta juyo ta dube ni a karo na farko. Ta ce, "In wani abu ya same shi," ta tsaya a nan. Ba ta ƙarasa ba, kuma ba ta taɓa ƙarasawa ba har ta bar duniya.

Washegari na shiga aji biyu na koyar da darasin aji huɗu, ba wadda ta gyara mini. Na dawo ina jan ƙafa, ina duba ƙofar gida daga nesa ko zan ga taron mutane. Ba kowa sai akuya. Maigidana na zaune a rumfa, muryarsa ta dushe.

"Yana nan?" na ce.

"Yana nan. Atishawa yake yi, yana cewa hancinsa ya fara dawowa. Ya ba ni saƙo."

Na zauna.

"Ya ce a gaya wa Malama, abin da ake so ya dahu shi ake juya wa wuta."

Na yi shekara goma sha shida a makaranta. Amma ban ko gwada kifa burodin ba.

Ranar a gawayi na yi, don kananzir ya ƙare. Na fara soya tafarnuwar a man shanu, wuta kaɗan, har ta yi ruwan zuma. Na shafa, na kifa fuskar a kasko, na danna da bayan ludayi, na juya, na rufe. Man bai zube ko'ina ba, burodin ne ya shanye. Kafin tire ya fita tambaya ta shigo daga zaure: "An juya?" Na ce a ce an juya. Haka muka yi kowace magariba har ƙarshen wata, kalma biyu daga can, kalma biyu daga nan, kuma ita ce hira mafi tsawo da na yi da surukina.

Ya koma masallaci a daren. Amma raka'a huɗu ya ja, ya matsa baya ya tura ɗansa. Haka suka raba har aka yi sauka, shi da kansa ya yi addu'a, da muryarsa. Azumin da ya biyo baya bai ja ko ɗaya ba, yana sahun gaba yana gyara.

Har yau tsofaffin unguwa ba su daidaita ba. Wasu sun ce lissafin ya yanke a daren ruwa. Wasu sun ce wanda ya yi gyara sau goma sha ɗaya ta taga ai shi ya ja sallar. Maigidana ya ce sau tara ne. Ni abin da ya dame ni daban ne. Mutumin da ya yi shekara hamsin yana cin girkin Inna, a ce ya ci yanka uku bai gane tafarnuwa ba sai da Ladan ya faɗa? Hanci ya mutu, na yarda. Amma ɗanyar tafarnuwa ba ta neman izinin hanci, yaji take yi a harshe. Ko ya sani tun yankan farko? Ko ƙofa yake nema da zai fita ba tare da an ɗauko shi ba, ni kuma na kawo masa ita a faranti? Na cuce shi ne, ko na taimake shi, ko kuwa shi ne ya yi aiki da ni? Na tambayi Inna sau ɗaya, bayan shekaru. Ta ce in miƙo mata tsintsiya.

Jiya ashirin ga wata. Burodin yanzu laushi gare shi, bota na cikin firji in akwai wuta, gas ba ya tari. Na daka tafarnuwa, na yanka burodi, na ɗora kasko. Hadari ya taso daga gabas ya tsaya. Maigidana ya shigo daga karatun la'asar yana dafa bango, don gwiwoyin nan bana sun ƙi shi, kuma a daren da ya gabata na ji ya daɗe a sujada. Shekararsa talatin da biyu ke nan bai yi fashi ba, unguwa ta fara gaya wa baƙi. Yana da na'ibi mai kyakkyawan karatu, wanda bai taɓa jan ko raka'a ɗaya ta asham ba.

Ya tsaya a ƙofar ɗakin girki, ya shaƙi warin, ya daɗe yana kallon kaskon. Na ɗauka tambayar babansa zai yi, don yakan yi ta da wasa, har na buɗe baki zan amsa.

Ya rage murya ya ce, "Malama, in da hali, yau kada ki juya."